A Cika Ja Ko A Bar Sarari? Fashin Baƙi Kan Ƙarfin Ɗauka Wajen Juye Faifan Garmaho Zuwa Kwamfuta

Tun da matasa suka fara zaƙulo fayafayan iyayensu daga ƙarƙashin gado suna mai da su sautin waya, wata tambaya take ta yawo tsakanin masu son tsofaffin waƙoƙi a nan Legas: idan za a juye faifan garmaho zuwa kwamfuta, a ina ya kamata a tsayar da ƙarfin ɗauka? Wasu sun ce a murɗa har ma'auni ya taɓa ja, don waƙar ta fito da ƙarfi. Wasu sun ce a bar shi ƙasa-ƙasa. Su kuwa masu saurare a zaurukan WhatsApp, ƙorafinsu bai wuce biyu ba, ko dai "wannan ba ƙara", ko kuma "wannan ya fashe".

Na ga abin da idona wata Lahadi bayan la'asar a Agege, a falon wani dattijo da ya tsufa cikin fataucin goro. Kwali guda ya sa aka jawo masa, cike da fayafayan da ya saya tun wajejen shekarun 1970. Akwai na Shata, akwai na Ɗan Maraya Jos, har da na Haruna Ishola, don zaman Ikko ya sa kunnensa ya saba da kiɗan apala na Yarabawa. Jikansa ya haɗa garmahon da kwamfuta, ya sauke allura, layi biyu kore suka fara rawa a fuskar kwamfutar.

"Kai, ƙara masa wuta mana, ba ka ga bai kai ja ba?" in ji dattijon.

"Alhaji, an ce ba a son ya taɓa ja."

"Wa ya ce? Lokacin da muke ɗaukar kaset ba a haifi ubanka ba."

Yaron ya ƙara. Da aka gama aka kunna, muryar tana nan da ƙarfinta, amma duk inda kalangu ya sauka sai ka ji kamar ana yaga takardar siminti. Dattijon bai yi ƙarya ba a kan abin da ya sani. Na'urar ce ta canza, ita kuwa ɗabi'ar ta zauna.

Ƙarar saurare daban, ƙarfin ɗauka daban

Nan ne ruɗanin yake farawa. Maɓallin da kake murɗawa sifika ta yi ƙara bai taɓa abin da ke cikin fayil, kunnenka kawai yake yi wa aiki. Ƙarfin ɗauka kuwa shi ne girman sautin a daidai lokacin da yake shiga na'urar da ke mai da shi lambobi. Na farko kana iya sauya shi sau ɗari a yini. Na biyu sau ɗaya ake saita shi, yadda ya shiga haka zai zauna.

Ana auna shi da desibel, kuma a kwamfuta ƙirgen daga sama yake farawa ya yi ƙasa. Sifiri shi ne rufin ɗaki. Ƙarƙashinsa sai -3, -6, -12, -18, har can ƙasa inda shiru yake. Babu wani abu sama da sifiri, domin sifiri shi ne lamba mafi girma da na'urar take iya rubutawa. Idan sauti ya nemi wuce nan, na'urar ba ta da inda za ta sa ragowar, sai ta yi ta maimaita wannan lambar ta ƙarshe. Da za ka buɗe hoton sautin ka matso da shi kusa, sai ka ga kawunan igiyar da ya kamata su yi tsini sun zama shafaffu, kamar an bi su da almakashi. Wannan shi ne fashewar da kunne yake ji. Abin da aka datse kuma bai shiga fayil ɗin ba sam. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin cike gurbin, amma kintace suke yi, ba dawo da asalin ba.

Gadon zamanin kaset

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon mai ɗaukar kaset ya san yadda ake yi. Zaren kaset yana da wani "shuuu" nasa da ba ya rabuwa da shi, kuma hanyar danne shi ita ce a ɗauki waƙa da ƙarfi ta hau kansa. Ma'aunin rikoda ma yana da lambobi bayan sifiri, +3 har zuwa sama, domin zaren yana jure ɗan wuce gona. Idan aka matsa masa, a hankali yake cushewa, sautin ya yi kauri, wasu ma sun fi son sa haka. Saboda haka ƙwararre a wancan zamani shi ne wanda allurarsa take leƙa ja tana dawowa.

Kaset kamar awon gero ne a mudu, ana iya cika shi har ya yi tsini bai zube ba. Kwamfuta kuwa awon man gyaɗa ne a kwalba. Da ya kai baki, abin da aka ƙara ƙasa zai sha. Mutane sun ɗauko hannun awon gero sun zo da shi kan kwalba.

Lissafin da ya kamata ya kwantar da hankali

Fargabar masu cika ja ita ce in an ɗauka ƙasa-ƙasa za a rasa inganci. Bari mu duba lambobin. Kowane bit guda, wato gurbin lamba da kwamfuta ke rubuta sauti da shi, yana ba da kusan desibel 6 na tazara tsakanin mafi ƙarfin sauti da hayaniyar na'ura. Bit 16, wanda faifan CD yake amfani da shi, ya ba da kusan 96. Bit 24 ya ba da 144 a kan takarda, ko da yake na'urorin gaske ba sa kaiwa can. Shi kuwa faifan garmaho, ko sabo ne dal mai tsabta, tazararsa tana tsakanin 60 da 70 ne. Wanda ya shekara arba'in a kwali a Agege, ya sha ƙura ya sha allura mai dakushi, bai kai haka ba.

To, idan ka bar desibel 6 a sama a bit 16, saura 90 a hannunka, faifan kuwa 70 yake nema in ya yi yawa. Ƙarar ƙasan faifan da kansa, wannan "ƙas-ƙas" da "shaa" da ake ji kafin waƙa ta fara, ta fi hayaniyar kwamfutar ƙarfi nesa ba kusa ba. A bit 24 kuwa, ko 12 ka bari babu abin da ya ragu wanda kunnen ɗan Adam zai gane.

Wannan ne ya sa shawarar da aka fi bayarwa ita ce mafi ƙarfin wuri a waƙar ya tsaya wajen -6. Abin da ke tayar wa mutane hankali shi ne -6 rabin tsayin igiya ne daidai. A manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce kuma ita yawancin matasa ke amfani da ita, sai ka ga hoton sautin bai cika layinsa ba, rabi kawai ya ci. Ido sai ya ce an yi asara. Ba a yi ba. Wannan rabin da ya rage shi ne wurin da bugun kalangu na ba-zata zai samu ya miƙe.

Hanyar da sauti ke bi kafin ya iso

Sau da yawa fashewar ba a cikin manhaja take faruwa ba, tun a hanya aka yi ɓarnar. Wannan sashe ne na fi son a tsaya a kansa.

Abin da ke fitowa daga kan allura ɗan mitsitsi ne. Irin kan da aka fi samu, mai maganaɗisu mai motsi, yana ba da kamar milibolt 3 zuwa 5. Dole sai an ninka shi kusan sau 100, wato desibel 40, kafin ya kai ƙarfin da sauran na'urori ke aiki da shi. Bayan haka akwai wani abu kuma. Lokacin yanka faifai ana rage sauti mai kauri, a ƙara siririn sauti, don layukan su yi ƙanana waƙa mai tsawo ta samu shiga, ƙarar ƙasa kuma ta ragu. Ƙa'idar da ake bi, wadda ake kira RIAA, a Amurka aka tsayar da ita a 1954, kuma bambancin yana kaiwa kusan desibel 20 a kowane gefe. Wajen kunnawa sai an juya wannan aikin. Ƙaramar na'urar da ke yin ayyukan nan biyu ita ce ke bayan ramin da aka rubuta wa PHONO a jikin tsofaffin amfilifaya. Wasu sababbin garmaho kuma a cikinsu take, da ɗan maɓalli a baya mai PHONO da LINE.

Kuskure biyu ake yi a nan. Wani ya haɗa garmaho kai tsaye ba tare da wannan na'ura ba, sauti ya fito siriri kamar sauro, babu kauri ko kaɗan, sai ya yi ta ƙara ƙarfi a manhaja yana tayar da hayaniya. Wani kuma garmahonsa yana kan LINE, ya sake cusa shi a ramin PHONO, aka ninka abin da aka riga aka ninka. Wannan fashewar ko daga tsakar gida ana jin ta.

Sai babban tarko, ramin makirfo na laftof. An yi shi ne don muryar mai magana, yana da saurin cika, a yawancin na'urori gefe ɗaya kawai yake ɗauka, kuma sau da yawa kwamfutar tana da tsarin da ke ɗaga sauti ya sauke da kansa don kiran bidiyo. Ga waƙa wannan masifa ce: mawaƙi ya yi shiru, ƙarar faifai ta taso, ganga ta shigo, komai ya nutse. Ƙaramin akwatin sauti na USB mai ramin LINE, irin wanda ake samu a Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, ya fi wannan rami sau goma. In za ka saya, nemi mai maɓallin murɗawa a jikinsa.

Dalilin maɓallin shi ne wannan. Yawancin garmaho masu USB da ƙananan akwatuna masu araha ba a iya sauya ƙarfinsu kafin sauti ya zama lambobi. Idan faifan ya fi ƙarfinsu, a cikinsu yake fashewa. Kai kuma ka ja ma'aunin manhaja ƙasa, ka ga ya tsaya a -10, ka saki jiki. Alhali abin da ka rage fasasshen sauti ne, ka dai mai da shi ƙarami. Hanyar ganewa ita ce ka matso da hoton sautin. In ka ga kawuna shafaffu duk a tsayi ɗaya, alhali ba su kai rufi ba, to matsalar tana gaba da manhaja, kuma can za a je a rage. In kuwa kawunan suna da tsininsu amma kunne yana jin kaushi, duba allurar ko ta tara datti ko ta cinye, ko kuma layin faifan ne ya riga ya gaji. Waƙoƙin da ke kusa da tsakiyar faifai sun fi yin haka, kuma babu saitin da zai gyara shi.

Yadda ake saitawa

Aikin bai da wuya, haƙuri yake so. A wanke faifai tukuna. A daidaita gudu, zagaye 33⅓ ko 45 a minti. A zaɓi bit 24 in na'urar tana iyawa. Ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, ta sa kilohaz 48, wato auna sautin sau dubu 48 a daƙiƙa, da bit 24 a matsayin mafi ƙaranci, manyan ma'ajiyu kuma sun fi aiki da 96. Ga aikin gida 48 ya wadatar, ko 44.1 irin na CD. A 96 da bit 24, minti ɗaya yana cin kusan megabait 35, a ma'aunin CD kuwa kusan 10.

Daga nan a nemi wurin da ya fi ƙarfi a faifan. In ka karkata shi a haske za ka ga wasu wuraren layukan sun fi faɗi da kaushi a ido, nan ne kiɗa ya yi zafi. Sauke allura a can, ka bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu kana kallon ma'auni, ka murɗa har ƙololuwar ta tsaya kusa da -6. Sannan ka koma farko ka ɗauka, kada ka sake taɓa maɓallin har gefen ya ƙare, ɗaya gefen ma a bar shi a haka.

Kowane faifai da nasa. Ƙaramin faifai mai gudu 45, da babban da aka yanka waƙa ɗaya a gefe don 'yan disko, sun fi ƙarfi ƙwarai a kan dogon faifan da aka cusa wa minti 25 a gefe guda. Saitin da ya yi wa wannan daidai zai fasa wancan.

Akwai saɓani a kan ƙarce. Inda faifai ya karce, "ɗas" ɗin da allura ke yi yakan zarce kiɗan kansa tsayi. Wasu sun ce a ƙyale shi ya bugi rufi, tunda dama datti ne za a cire. Ni ina tare da masu cewa a ba shi wuri, domin manhajar cire ƙarce ta fi gane shi idan siffarsa tana nan cikakkiya. Ga faifan da ya sha wuya, in ana bit 24, gara a sauka zuwa -10 ko -12.

Masu son ƙara ma suna da hujja

Bai kamata a yi watsi da ƙorafinsu ba. Mutumin da ke sauraro da ƙaramar sifikar waya a kasuwar Mile 12, ko cikin danfo a cunkoson Oshodi, in ka turo masa waƙar da ta tsaya a -6 ba zai ji komai ba. Ya yi gaskiya in ya ce ba ƙara. Inda aka kauce shi ne lokacin da ake neman ƙarar. Bayan an gama ɗauka ake ƙara ta, ba a lokacin ɗauka ba.

Fayil biyu ake yi. Na farko uwa, WAV ko FLAC, irin fayilolin da ba sa rage komai daga sauti, yadda ya shigo ba a taɓa shi ba, a ajiye shi wuri biyu. Daga kwafinsa ake cire ƙarce, sannan a ɗaga shi gaba ɗaya har ƙololuwa ta kai -1. Sai an cire ƙarcen tukuna, in ba haka ba manhaja za ta ɗauki "ɗas" guda a matsayin mafi ƙarfin wuri, waƙar ta ƙi tashi. A bar wannan desibel ɗaya, domin matse fayil zuwa MP3 yakan ɗan ɗaga kawunan. A ɗaga gefen hagu da dama tare, kuma duk waƙoƙin faifai ɗaya da adadi ɗaya, don mai sanyi ta zauna da sanyinta kamar yadda aka yi ta.

Duk da haka tsohuwar waƙa ba za ta yi ƙarar waƙar bana ba, saboda na yanzu ana danne su ne a daka har sanyi da zafi su zama ɗaya. Bin su a wannan tsere ba shi da amfani, tunda YouTube da Spotify da kansu suna rage duk abin da ya wuce matakin da suka tsayar. Wajen turawa a WhatsApp kuma a tura fayil ɗin kansa. Kara waya a bakin sifika a ɗauka a saƙon murya yana rushe duk wahalar da aka sha.

Wutar Legas da danshinta

Akwai abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma in wayar ƙasa ta garmaho, wannan siririya mai ƙugiya, ba ta ɗaure a kusoshinta na jikin amfilifaya ba, za ka ji wani gunji "mmm" a ƙarƙashin komai. Kafin ka sauke allura, kalli ma'auni. In yana motsi a sama-sama alhali babu waƙa, akwai gyara. Cajar laftof ma tana shigo da nata zuzu, cire ta ka yi aiki da batir.

Janareta ya fi wannan illa. Garmaho da yawa, musamman masu bel, injinsu yana bin bugun wuta ne wajen gudu. Ƙaramin janareta kuwa bugunsa hawa da sauka yake, da firji ya tashi sai muryar mawaƙi ta lanƙwashe. Irin wannan inji in tokumbo ne daga Amurka, inda wuta ke bugawa sau 60, ko an sa masa taransifoma zai yi gudu biyar bisa shida ne kawai, 33⅓ ta koma ƙasa da 28, muryar Shata ta zama ta wani mutum daban. Garmaho masu tsarin kwatz, waɗanda ke daidaita gudunsu da kansu, ba ruwansu da wannan.

Danshin gari kuma yana haifar da funfuna a cikin layuka, ita ma ƙara ce. A samu ruwa tatacce irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba, da ƙyalle mai laushi, a bi layi a zagaye, a bar shi ya bushe sarai. In a kwalin akwai masu nauyin nan masu gudu 78, a ware su gefe. Ba roba ba ne, suna fashewa kamar tangaran, sinadarin sifirit yana cin su, allurarsu ta fi kauri, kuma yawancinsu sun girmi ƙa'idar RIAA.

Abin da ke cikin kwalin

Legas ce cibiyar wannan sana'a a zamaninta. A lokacin kamfanin faifai na EMI yana da ɗakin ɗauka a Apapa, inda Paul McCartney, mawaƙin Ingila na ƙungiyar Beatles, ya zo ya yi aiki a 1973, kamfanin Decca kuma yana Abule Oja a Yaba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, Haruna Ishola tun 1983. Da yawa daga fayafayan wancan lokaci ba a sake buga su a CD ba, abin da ke yawo a waya kuwa galibi kwafin kwafin kaset ne. Wani lokaci faifan da ke kwalin wani dattijo a Agege ko Idi-Araba ya fi duk abin da ke intanet tsabta. Kuma na lura da zarar an ce "an juye", sai a daina kula da faifan, ya koma sito, damina biyu ta gama da shi. Fasasshen fayil ɗin nan shi zai rage wa jikoki, shi kuma za a yi ta turawa daga waya zuwa waya.

A falon nan dai an sake aikin. Yaron ya gano maɓallin bayan garmahon yana kan LINE alhali wayar tana ramin makirfo, ya aro akwatin USB a wurin wani abokinsa mai ɗaukar wa'azi, ya tsayar da ma'auni a -6, bayan an gama ya ɗaga kwafin. Dattijon ya saurara shiru har kalangu ya shigo, ya ɗaga yatsa.

"Yauwa. Ka ji fatar nan? Haka take."

Sai ya miƙo wani ƙaramin faifai mai gudu 45 daga ƙasan kwalin, bangonsa ya yi ruwan ƙasa. Da allura ta sauka, layukan kore suka yi tsalle suka wuce -2. Yaron ya ɗage allurar, ya murɗa maɓallin baya, ya koma farko.